Askin Hannun Hagu

Mijina mai aski ne, kuma kafin in fara yabonsa bari in faɗi gaskiya: da, ba mutumin zama ba ne. Tartsatsi ake ce masa a layinmu. Ba ni na raɗa masa ba, amma wanda ya raɗa bai yi ƙarya ba. Ka zauna a kujerarsa ka cika motsa kai, sai ya kashe inji ya zare maka ƙyalle ya ce ka tashi ka je wanda ya haife ka ya ƙarasa maka. Mutum ya fito da rabin aski yana neman hular aro. Duk da haka bencin shagon ba ya rabo da masu jira, don hannun nan nasa Allah ya yi masa baiwa, ko maƙiyinsa ya san haka.

Ga son kwalliya. Kullum da safe sai ya tsaya tsakanin madubi biyu, ɗaya a gaba ɗaya a hannu, yana bin ƙeyarsa da reza kamar mai zanen gida. Shayinsa ya huce, in ɗumama, ya sake hucewa. In na yi magana ya ce, "Ke, kan nan da kike gani shi ne allon shagona. Wa zai ba ni kansa in nawa bai gyaru ba?"

Wansa ne ya koya masa sana'ar, wanda duk muke kira Yaya. Shago ɗaya suke da can, kujera biyu, kuma su suke yi wa juna aski, ba wanda ya taɓa ba wani bare kansa. Sai wata rana shago cike da mutane, Yaya ya leƙo aikin da ƙaninsa yake yi, ya ga bai yi masa ba, ya miƙo hannu zai karɓi rezar yana cewa, "Kawo, har yanzu ba ka iya ba." A gaban mutane fa. Nawa ya fizge hannunsa da ƙarfi, rezar ta tafi da saman kunnen Yaya. Ya ce kuskure ne, Yaya ya ce da gangan ne, ni kuma ba na wurin. Abin da na sani shi ne bai ba da haƙuri ba. Ya kwashe kayansa ya kama shago a tsallaken titi, suka yi shekaru suna kallon juna ta gilashi, ko gaisuwa babu. Kowa ya koma yana aske kansa da kansa.

Ni ina zuwa coci da yara. Shi kuwa rabonsa da coci tun ranar aurenmu, ranar ma sai da ya yi faɗa da mai hoto. Na yi addu'a, na yi kuka, na yi masifa, don ni ma bakina ba a ɗinke yake ba. Duk a banza. Abin da ban iya ba, sai ga fastonmu ya zo ya yi shi da sanƙonsa.

Faston nan tsoho ne, kansa tal, ko gashi ɗaya babu na rantsuwa. Amma duk Asabar sai ya zo shagon ya bi layi ya zauna.

"Fasto, me zan aske a nan?" in ji mijina. "Ƙwai?"

"Bi shi da reza dai, ɗana. Ni na san abin da ya kawo ni."

Ba ya wa'azi. Ya tambayi yara, ya tambayi ciniki, ya biya ya tafi. Wata Asabar aka ɓata wa Tartsatsi rai, yana aski yana zage-zage da wani a bakin ƙofa, ya tsaga wa tsohon nan kai, jini har kan kwalar riga. Fasto ya danne wurin da auduga, ya biya kuɗinsa cif, ya ce sai wani satin. Da satin ya zagayo, sai ga shi da filasta a ka, ya bi layi, ya zauna a kujerar nan dai.

Ranar mijina ya dawo gida ya kasa cin abinci. Ya zauna a bakin gado yana juya cokali.

"Na tambaye shi me ya dawo da shi," in ji shi. "Kin san abin da ya ce? Wai shi ma akwai wanda ya daɗe yana yi wa rauni, amma wancan ɗin bai taɓa daina dawowa wurinsa ba. Wai Yesu."

Ranar Lahadi ina ɗaura ɗankwali sai na ga mutum yana goge takalmi. Ban ce uffan ba, kar in ɓata.

Kada wani ya ɗauka dare ɗaya ya zama mala'ika. Ina! Ko bayan an yi masa baftisma zuciyar nan tana tasowa. Sai dai yanzu in ta taso za ka ga ya ajiye inji, ya fita ta ƙofar baya, ya tsaya wajen famfo yana motsa baki, ya dawo ya ce, "Yi haƙuri, mu ci gaba." Ranar da ya fara ba ni haƙuri a kan wata magana, sai da na taɓa goshinsa ko zazzaɓi ne. Ya yi dariya ya ce, "Yesu ya karɓe ni da halina, amma bai ce in ci gaba da zama da shi ba." Kowa a layi ya shaida, ban da mutum ɗaya. Ya tsallaka titi ya je shagon Yaya don ya roƙi gafara, Yaya ya kunna rediyo ya ƙure murya har mijina ya gaji ya fito.

Ana nan sai ciwo ya kayar da Yaya a shago. Shanyewar ɓarin jiki, hannun dama da ƙafar dama, baki ma ya ɗan karkace. Da aka sallamo shi, likita ya ja kunnen matarsa, faccalata ke nan, ya ce lallai a riƙa kawo shi ana motsa masa hannu da ƙafa, in aka bari jijiyoyin suka sandare, to shi da tafiya har abada. Yaya ya ce ba inda za shi.

Dalilinsa fa? Gashi. Kwanciyar asibiti da ta gida ta sa kansa ya yi buya-buya, gemu da saje sun haɗe, furfura ta fito ta ko'ina. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gyara kawunan mutane ya ce ba zai fita titi a gan shi kamar mahaukacin bakin kasuwa ba. Aka ce to a kira mai aski. Ya ce duk wanda ya shigo masa da inji sai ya fasa masa kai da sanda, wani bare bai taɓa taɓa kansa ba kuma ba zai fara yanzu ba. Aka ce ya sa hula. Ya ce gemun fa, a aljihu zai sa shi? Ya sa aka cire madubin ɗakin, aka saki labule. Kwanaki suna tafiya, ƙafar tana ƙara nauyi, faccalata tana ramewa a tsaye.

Mijina ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya tafi. Yaya ya jefe shi da kofi. Washegari ya koma, aka jefe shi da filo da zagin da ba zan maimaita ba. Ya riƙa rufe shago da rana tsaka, lokacin da ciniki ya fi, ya je ya zauna a ƙofar ɗakin da jaka a cinya.

"Ka zo ka ƙarasa ɗaya kunnen ne?" in ji Yaya daga ciki, maganar tana fita da ƙyar. "An ce ka tuba. Ka je ka yaudari fasto, ni na san ka tun kana fitsarin kwance."

Ni kam raina ya ɓaci. Na ce, "Baban yara, ka yi iya yinka. Mutum yana zaginka kana rufe shago, mu ci me?"

Ya ce, "Ƙafarsa ce za ta tafi. Kuma ni na sa ba shi da mai aske shi."

Wata rana da hantsi na kai wa faccalata wanki da na taya ta, muna tsakar gida sai ga shi ya shigo. Wannan karon bai tsaya a ƙofa ba. Ya ɗaga labule ya shiga kai tsaye, mu kuma muka bi shi da gudu muka tsaya a bakin ƙofa, don mun ɗauka yau za a yi ta.

Yaya yana zaune a kujera kusa da gado, hannun dama a kwance a cinya kamar ba nasa ba. Ɗakin duhu, ga warin magani. Mijina ya jona inji a soket. Yaya ya laluɓo sandarsa. Sai kawai na ga mijina ya warware ƙyallen aski ya ɗaura a wuyan kansa, ya zauna a ƙasa daɓas a gaban wansa, ya juya masa ƙeya.

"Yaya, yau ba aske ka na zo yi ba. Nawa ne ya taru." Ya miƙa injin ta kan kafaɗa. "Tun da na bar shagonka ba wanda ya taɓa kan nan sai ni. Na gaji da madubi biyu."

"Kana yi mini ba'a ne? Da wane hannun?"

"Da wanda ya rage."

Sannan ya buɗe reza sabuwa, ya ɗora a hannun kujerar, daidai inda hagun Yaya za ta kai. Ya ce, "Ga wannan ma. Na yanke ka, ban ba ka haƙuri ba, kuma ko kuskure ne ko ba kuskure ba, fushina ne ya yi shi. In kunnen kake so, ga shi nan."

Wayyo ni! Na yunƙura zan shiga, faccalata ta damƙe mini zane.

Yaya ya daɗe yana kallon ƙeyar nan. Can ya saki sanda ya karɓi inji. Hannun yana rawa, injin yana rawa, ya kafa shi a tsakiyar kai ya ja. Hanya guda fetal har fata. Ya sake ja ta karkace. Wani wurin ya cinye, wani wurin ya tsallake. Rabi rashin ƙarfin hannu ne, rabi kuwa, Allah ya gafarta mini, mugunta ce zalla, don na ga bakinsa. Mijina ko motsi. Mutumin da yake korar mutane don sun motsa kai, ranar ya nuna musu yadda ake zama.

Da Yaya ya ajiye inji sai ya ɗauki rezar. Ya kai ta saman kunnen ƙaninsa na dama ya tsaya. Ina ganin bakin ƙarfen yana taɓa fata yana ɗagawa saboda rawar hannu. Mijina ya rufe ido, leɓensa yana motsi, na san addu'a yake yi, ni ma ita nake yi, sai dai tawa duk ta rikice. Yaya ya yi numfashi mai ƙarfi, ya gangara da rezar ya shata layin gefen kunne, a karkace, da 'yar ƙwarzana da ta fito da ɗigon jini. Ya jefar da ita ƙasa.

"Tashi ka fita. Ka je ka gyara a madubinka. Na san halinka, ko ƙofar gida ba za ka kai da shi haka ba."

Mijina ya kakkaɓe ƙyalle, ya share gashin da ya zuba, ya ce, "Na gode, Yaya."

Jama'a, kun taɓa ganin gonar da awaki suka shiga? To haka kan mijina ya koma. Muna fita na ciro ɗankwalina na biyu daga jaka na ce ya rufa kafin mu kai gida. Ya ƙi. Muka bi titi a haka, masu shaguna suna leƙowa. A gida na ɗauko masa madubinsa biyu da kaina na ajiye a gabansa, na ce ko tal-kwabo ne ya yi, ya huta.

"A'a," in ji shi. "Ya ce ya san halina. Wancan halin ya sani. Kuma in na gyara, na gaya masa ke nan hannunsa ya tashi aiki."

Haka ya buɗe shago washegari, ba hula. Wasu suna leƙowa su ga kan mai askin su ce za su je su dawo, ba su dawowa. Wani direban tasi mai bakin tsiya ya tsaya a ƙofa yana ƙyaƙyata dariya har da riƙe ciki, yana kiran mutane su zo su ga Tartsatsi ya faɗa hannun ɓeraye. Ina wurin, na kawo masa abinci. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ce shi ke nan, yau direba zai kwana a asibiti. Sai ya haɗiye, ya kakkaɓe kujera ya ce, "Yayana ne ya yi mini, da hannun hagu. Shi ya koya mini aski. Zauna in za ka zauna." Direban ya daina dariya, ya zauna kamar an aike shi.

Ranar Lahadi kuma shi ne a bakin ƙofar coci, don an sa shi cikin masu tarbar mutane. Ya sa farar rigarsa mai guga, ya tsaya yana miƙa wa kowa hannu da kan nan a waje. Yara suna ɓuya a bayan iyayensu suna ƙunshe dariya. Wata daga zumuntar mata ta matso kusa da ni tana raɗa, wai ko maigidan ba shi da lafiya ne, ta ga kansa wani iri. Na ce mata lafiyarsa ƙalau, bai taɓa samun lafiya irin ta yanzu ba, kuma in tana da miji mai irin wannan kan ta kawo shi mu gani. Na gyara zama a layin gaba. Na auri mutumin nan yana saurayi mai kyau, ana nuna shi a titi, amma ban taɓa jin alfahari da shi irin na ranar ba.

Faccalata ta kai wa Yaya labari, ya ce ƙarya ne. Ta ce har coci ya je da shi. Ya ce ƙarya ne. Ta ce masu aski a wurinsa sun ragu. Ya ƙi cin abincin rana, can ya ce a kira masa shi.

Tare muka je. Yaya ya ce a ɗaga labule. Haske ya shigo, ya ce wa ƙaninsa, "Juya." Ya juya. "Sunkuyo." Ya sunkuyo. Gashin ya ɗan fara tsirowa amma duk hanyoyin suna nan yadda ya bar su. Yaya ya sa yatsun hagu yana bin su ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙeyar nan ba laifi," in ji shi.

"Ba laifi, Yaya."

"Da wannan kake yawo a gari? Kai?"

"Da shi."

"Don me?"

"Don an yi mini haƙurin da ya fi wannan. Kuma ina son wana ya tashi ya taka."

Sai hawaye ya zubo wa Yaya, ya bi ta cikin gemun nan ya ɓace. Bai share ba. Ya kalli jakar da ke hannun ƙaninsa ya ce, "To me kake jira? Sa mini ƙyallen."

Na sha ganin mijina yana aski, amma ban taɓa ganin ya yi a hankali haka ba. Ya fara rage gashin da almakashi, ya bi da inji, furfura tana zuba a kan ƙyalle tuli-tuli. Ya jiƙa tawul da ruwan ɗumi ya ɗora a fuskar, ya shafa sabulu. Ɓangaren da ya shanye fatar ta saki, sai ya sa yatsa biyu ya ja ta kafin ya bi da reza. Da ya iso wajen kunnen nan mai guntun sama sai hannunsa ya tsaya cak.

"Ci gaba mana," in ji Yaya, idonsa a rufe. "Lanƙwasa shi ƙasa ka bi bayansa. Sai na sake koya maka?"

Ya lanƙwasa, ya bi. Faccalata ta juya ta fuskanci bango tana kuka, ni kuma na je na ɗauko madubin da aka ɓoye a bayan kabad, na goge shi da gefen zanena. Yaya ya kalli kansa ta dama, ya kalla ta hagu, ya shafa haɓa. Ya ce sajen hagu ya fi na dama tsawo. Ƙarya yake yi, amma aka gyara masa.

Sannan ya ce a miƙo masa rigarsa mai maɓalli da takalmi, kuma a nemo mota, in asibitin ba su tashi ba.

Mijina ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin hannun da ya shanye, ya ɗaga shi. Ƙafar tana jan ƙasa, suna tafiya kaɗan suna hutawa, har suka ƙetare tsakar gida suka kai ƙofa. Rana tsaka ce, titi cike da mutane. Maƙwabta suka fara fitowa suna yi wa Yaya sannu, yana amsawa da kai, fuskarsa fes. A nan ya ɗago ya kalli kan da ke jingine da nasa, ya yamutsa fuska.

"Kai, don Allah nemi hula ka sa. Kana ba ni kunya, sai a ce ni na yi maka."

"Ai kai ka yi, Yaya."

Yaya ya yi wata irin dariya ta gefen baki, ya ƙara riƙe wuyan ƙaninsa, suka sauka daga dakali zuwa inda motar take. Ni ina biye da su da jakar kayan aski a hannu. Wata mata mai wucewa ta tsaya tana kallo, ta tambaye ni ko na san mutumin can mai wani irin aski. Na ce mata mijina ne, da ƙarfi, yadda na bayanta ma za su ji.